Damagaram: Garin Rana da Ƙishirwa, da Zancen Wutar da ke Cikin Ruwa

Matafiyin da ya baro Yamai ya nufi gabas, in ya shafe kusan kilomita 900, ya wuce Dosso da Birnin Ƙonni, ya gota Maraɗi da Tasawa, abin da zai fara shaida masa ya iso Damagaram shi ne duwatsu. Manya ne, mulmulallu, wani bisa wani kamar buhunan gero da aka jibge a bakin rumbu. Cikin tsakankaninsu aka gina Birni da lungunansa matsattsu, da fadar sarki, da gidajen ƙasa masu zane a fuska. Can arewa da Birni ga Zango, unguwar fatake, inda ayarin raƙuma na Azbin da Tarabulus ke sauke kaya a zamanin da. Tsakaninsu Nasara ya kafa nasa wuri, ya ɗora barikinsa bisa tudu.

Duwatsun nan da ke ƙawata garin su ne kuma asalin wahalarsa. Abin da ido ke gani a sarari kansa ne kawai. Gangar jikin dutsen tana shimfiɗe ƙarƙashin gidaje da kasuwanni, kuma irin dutsen da ba ya riƙe ruwa ne. In damina ta sauka, ruwa ya gangara ya taru a tabkuna, rana ta shanye rabonta, bisashe su sha nasu, kafin bazara sai busasshen laka. Mai haƙar rijiya kuwa, in ya yi gaba kaɗan, sai dagi ya yi ƙara.

Gari bisa dutse

Duk ɗan Damagaram ya san abin da rashin ruwa ya jawo wa garinsu. A shekara ta 1911 Faransawa suka mai da Zinder babban birnin mulkinsu na Nijar. A 1926 suka kwashe kayansu suka koma Yamai, bakin kogin Kwara, kuma ƙarancin ruwa na cikin manyan dalilan da aka bayar. Tun daga nan gwamnatoci suka yi ta neman ruwa nesa da gari: aka haƙa rijiyoyin Gogo da Machaya a kudu, daga baya aka je Arunguza da Ganaram a arewa, ana turo ruwa cikin bututu daga nisan kilomita masu yawa. Sai dai garin ma bai tsaya ba. A ƙidayar 2012 mutanensa sun haura dubu 300, kuma kowace shekara sababbin unguwanni na tsirowa a gefe.

Shi ya sa in watan Afrilu ya kama, ƴan garuwa da kurarsu cike da bido rawaya su ne masu gari. Matan aure da ƴanmata kan kwana a layin famfo, ma'aikaci kan tashi tsakar dare don ya tari ruwa kafin ya ɗauke. Kuma wani abin mamaki na harshen mutanen nan: man fetur da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya, wanda ya ƙetaro iyaka daga Najeriya, sunansa ruwa-ruwa. A da ƴan kabu-kabu da shi suke yini. To ga shi yau masana a ƙasashe da dama sun duƙufa ga neman makamashi daga ruwa na gaskiya, ruwan sha. Garin da ya san darajar kowane bido ya cancanci ya ji wannan zance dalla-dalla, ya kuma auna shi da ma'auninsa.

Damagaram ba baƙuwar sabuwar fasaha ba ce. Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, bayan ya zagaye Birni da ganuwa, bai tsaya ga bindigogin da fatake ke kawo masa daga arewa ba. Ya sa maƙeran garin suka ƙera igwa, aka kuma riƙa haɗa albarushi a gida. Abin da ya gane shi ne makamin da ba a iya gyara shi a cikin gari aro ne, komai tsadar da aka saye shi.

Hanyar Tanut

Wanda ya bi hanyar Tanut da Agadas, in ya yi kamar kilomita 50 daga Zinder, wajen Bakin Birji, zai hango dogayen hasumiyoyin ƙarfe da harshen wuta yana kaɗawa a saman bututu. Matatar mai ce ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin 100, gwamnatin Nijar kashi 40. An gina ta don tace ganga dubu 20 a yini, ɗanyen man kuwa yana zuwa ne daga Agadem cikin bututu mai tsawon sama da kilomita 460.

Anan ne ya kamata mai karatu ya fara sanin iskar da ake kira idirojan, domin aikin tace mai a ko'ina cikin duniya ba ya rabuwa da ita: da ita ake wanke farar wuta daga cikin gazuwal don hayaƙinsa ya rage guba. Ita ce mafi rashin nauyi cikin dukan abin da Allah ya halitta, ba ta da launi, ba ta da wari. Ba a cika samunta ita kaɗai ba, kullum tana haɗe da wani abu. Tana cikin fetur, tana cikin iskar gaz ta butalin girki, tana kuma cikin ruwa, inda kowane ƙwayarta biyu ke manne da ƙwaya ɗaya ta oksijan, wato iskar da ake shaƙa a rayu. Wani Baturen Ingila, Henry Cavendish, ya tantance ta a 1766. Bafaranshe Lavoisier ya raɗa mata suna, ma'anarsa kuwa mai haifar da ruwa, saboda in ta ƙone abin da take bari ruwa ne, babu toka, babu baƙin hayaƙi.

A shekara ta 2023 duniya ta yi amfani da kusan ton miliyon 97 na wannan iska, mafi yawa a matatun mai da masana'antun taki. Kusan duka daga iskar gaz da kwal aka fitar da ita, hanyar da ke zuba hayaƙin karbon a sararin sama. Wadda aka samu ta hanya mai tsabta ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan giɓi shi ne abin da masu bincike ke son cikewa.

Yadda ake tsage ruwa

Dabarar tsohuwa ce. A shekara ta 1800, Nicholson da Carlisle a Ingila suka tsoma wayoyi biyu na lantarki cikin ruwa, suka ga kumfa na tashi: idirojan a gefen waya ɗaya, oksijan a ɗaya gefen. Na'urar tsage ruwa ta yau jikar wannan gwaji ce. Mafi daɗewa cikinsu tana aiki da ruwan da aka narka wani gishiri mai kaifi a ciki, ɗan'uwan ruwan tokar da mata ke tacewa don dafa sabulu. Tana da ƙarko, kayanta kuma ba su da tsada sosai, amma ta fi son wuta mai zuwa bai-ɗaya. Wata kuma tana da wata siririyar fata ta roba a tsakiya, wadda ke barin ƙwayoyin idirojan su ratsa ta tare sauran. Ita tana jure wutar da ke hawa da sauka, irin ta hasken rana, sai dai tana bukatar ƙarafa biyu masu tsadar gaske, filatin da iridiyom, waɗanda mafi yawansu daga ma'adinan Afirka ta Kudu suke fitowa. Ta uku tana aiki da tururi mai zafin digiri 700 ko fiye, tana cin wuta kaɗan, amma zafin na saurin gajiyar da kayanta. Aikin ɗakunan bincike a Jamus da Japan da Sin da Amurka ya ta'allaƙa ne bisa waɗannan: a rage ƙarfe mai tsada, a tsawaita ran na'ura, a sauko da kuɗinta.

Ɗaya ɓangaren aikin shi ne komawa baya. A 1839 William Grove ya nuna cewa in aka sake haɗa idirojan da oksijan a hankali cikin wata na'ura, ba tare da harshen wuta ba, sai su ba da lantarki, ruwa ya ɗigo. Ana iya kiranta batir mai shaƙar iska. Bambancinsa da batirin mota shi ne ba a yi masa caji. Muddin ana ba shi iska yana ba da wuta, kuma babu rugugin inji. Irinsa ne ya ba kumbon Apollo wuta lokacin da Amurkawa suka je duniyar wata a 1969, ruwan da ya fitar kuma shi matafiyan suka sha. Kamfanin Toyota ya fito da motarsa Mirai mai aiki da shi a 2014, a 2018 kuma jirgin ƙasa mai irin wannan batir ya fara ɗaukar fasinja a arewacin Jamus.

Abin lura a nan shi ne idirojan ɗin da aka tsaga daga ruwa ba mai ba ne da ake haƙowa. Rumbu ne. Sai an zuba masa wuta kafin a ɗiba, kuma abin da ake ɗiba bai kai abin da aka zuba ba.

Rijiyar Mali da ɗaliban Yamai

Akwai inda Allah ya yi aikin tsagewar da kansa. A 1987, a ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali, kamar kilomita 60 daga Bamako, masu haƙar rijiyar burtsatse suka nutsa sama da mita 100 ba su samu ruwa ba, sai wata iska da ke hurowa daga ramin. Wani ya matso da taba a bakinsa, wuta ta tashi, ya ƙone. Aka toshe rijiyar, ta yi shekara fiye da 20 a rufe. Da kamfanin Petroma na attajiri Aliou Boubacar Diallo ya sake buɗe ta aka auna, sai aka tarar kashi 98 cikin 100 na iskar idirojan ce. A 2012 aka haɗa ta da injin wuta, ƙauyen ya samu lantarki. Wannan rijiya ta Sahel ita ta farkar da masana duniya ga abin da suke kira farin idirojan, wanda ke samuwa a ƙarƙashin ƙasa in ruwa ya daɗe yana cuɗanya da duwatsu masu ƙarfe. Daga baya aka shiga nemansa a Faransa da Amurka da Ostireliya.

Nijar ma tana da nata gado a fannin. Farfesa Abdu Mumuni Diyofo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, ya ƙera tukwanen dafa abinci da na ɗumama ruwa masu aiki da rana tun lokacin da mutane da yawa ke ɗaukar abin wasa. Jami'ar Yamai da ke ɗauke da sunansa tana cikin jami'o'i huɗu na Afirka ta Yamma, tare da na Abijan da Dakar da Lome, da suka buɗe karatun babban digiri kan makamashi da tsanwan idirojan a 2021, ƙarƙashin cibiyar WASCAL da tallafin gwamnatin Jamus. Tsanwa ake ce wa wanda aka tsaga da wutar rana ko ta iska. Ɗalibai daga ƙasashe 15 na yankin suka shiga. Jamusawa ba su ɓoye bukatarsu ba: masana'antunsu na ƙarfe da sinadarai za su nemi idirojan mai yawa, ranarsu kuwa ba ta kai ta Sahel ba.

Lissafin ɗan kasuwa

Ɗan kasuwar Dole ba ya sayen kaya sai ya buga lissafi, to ga lissafin. Kilo ɗaya na idirojan yana bukatar lita 9 na ruwa tatacce ƙal, wanda ya fi na sha tsabta. Bido ɗaya mai lita 25 ke nan zai ba da kusan kilo 3, ƙarfin da ke cikinsu kuwa ya yi daidai da na fetur lita 10. A ido riba ce babba. Amma kafin ruwan rijiya ya tsarkaka, a kuma sanyaya na'ura a zafin Damagaram, ruwan da za a kashe zai ninka haka sau biyu ko fiye. Sa'an nan ga wuta: kowane kilo yana cin kilowat-awa 50 zuwa 55. Bidon nan guda sai ya lashe kusan kilowat-awa 150, wato abin da faranti 100 na hasken rana, masu wat 300 kowane, za su tara a yini guda cur, in ƙurar hunturu ba ta rufe su ba.

In kuma aka mai da iskar lantarki da dare, abin da zai dawo bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wutar da aka zuba ba. Rumbu ne da ake zuba masa tiya uku a kwashi ɗaya. Batirin litiyom, irin wanda ake sa wa farantan rana a gidaje, yana maido da kusan tara cikin goma. Saboda haka mai shago da ke son firjinsa ya kwana da sanyi, ko asibitin ƙauye mai ajiye allurar rigakafi, batir ya fi masa. Inda idirojan ya fi batir shi ne ajiya ta dogon lokaci, da aikin da lantarki kaɗai ba ya iyawa.

Zancen fitar da shi waje kuwa yana da nauyi. Iskar ba ta zama ruwa sai an sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri. In a tulun ƙarfe za a matse ta don mota, sai an danne ta sau 700 bisa nauyin iskar sarari. Tana sulalewa ta kafar da gaz ba ya bi, tana cin ƙarfe a hankali, harshen wutarta kuma da ƙyar ido ke ganinsa da rana. Tsakanin Zinder da teku akwai fiye da kilomita 1000. Ton miliyon ɗaya kacal, abin da bai taka kara ya karya ba a kasuwar duniya, zai sha aƙalla lita miliyon dubu 9 na ruwa. Duk wanda ya zo da takardar yarjejeniya irin wannan, tambayar farko da ta kamaci hukuma ta yi masa ita ce: daga wace rijiya? Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Garin da matansa ke kwana a layin famfo ba shi da ruwan da zai sayar wa Turai cikin siffar iska.

Abin da ya dace da Damagaram

Duk da haka akwai ƙofa ɗaya da ta cancanci a leƙa, ita ce ta taki. Manomin Mirya ko Matamai ko Magarya da ke sayen buhun yuriya, idirojan yake saya bai sani ba. Tun 1913 da aka buɗe masana'anta ta farko bisa dabarar Haber da Bosch a Jamus, ana haɗa wannan iska da iskar azot da ke cike da sararin sama a samu amoniya, uwar takin zamani. Buhu mai kilo 50 yana cin kamar kilo 5 na idirojan. Wanda ke shigowa daga Najeriya, da iskar gaz ake yinsa, kamar a masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2022. Amma an taɓa yinsa da ruwa da lantarki a nan Afirka: a Aswan ta Masar tun 1960, da kuma Kwekwe ta Zimbabwe daga 1972 har zuwa 2015, duka da wutar madatsun ruwa. Kilo 5 na idirojan ruwan bido biyu ne zuwa huɗu. In aka kwatanta da hatsin da buhun taki ke ƙarawa a gona, wannan ciniki ne da ake iya zama a tattauna, musamman in an kafa ƙaramar masana'antar a inda ruwa ke kusa, kamar kwarin Korama, ba bisa dutsen Birni ba.

Darasin Agusta na 2023 ma bai kamata a manta da shi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda Maraɗi da Zinder ke samu ta layin Katsina da Gazawa, sai bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 aka maido ta. Masu injin niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun ji a jikinsu. Ƙasar Damagaram kuwa kowane murabba'in mita nata na karɓar kusan kilowat-awa 6 na hasken rana a yini. An kafa tashar rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, da mai megawat 30 a Gorubanda kusa da Yamai a 2023. Matakin farko ke nan, kuma babu zancen tsanwan idirojan sai wutar rana ta wadata har ta yi rara da tsakar rana. Rarar nan ce ake tsage ruwa da ita.

Akwai kuma aikin da bai bukatar miliyoyi. Kowace shekara ana haƙa rijiyoyin burtsatse a jihar Damagaram, waɗansu su ba da ruwa, waɗansu a bar su a bushe. Na'urar auna iska ta hannu ba ta fi ƙarfin ma'aikatar ruwa ba, kuma abin da ya faru a Burakebugu ya isa dalilin da zai sa a riƙa sunsuna bakin kowace rijiya kafin a toshe ta, a rubuta abin da aka samu. Jami'ar André Salifou ta Zinder, mai ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin sarautar Damagaram ta ƙarni na 19, ita ce wurin da ya dace a tara waɗannan bayanai, a kuma gwada yadda na'urar tsage ruwa ke jure ƙura da zafin digiri 45. Amsar wannan ba za ta fito daga ɗakin bincike na Turai ba, domin can babu hunturu irin na nan.

Ga attajiran Zango da ma'aikatan jiha, tsarin abin a bayyane yake: ruwan sha tukuna, sa'an nan wutar rana, sa'an nan taki, in kuma an samu rara a yi maganar sayarwa. A cikin kowane mataki kuwa a tabbata akwai ƴaƴan gari da suka iya kwance na'urar su ɗaure, kamar yadda maƙeran Tanimun suka iya da igwarsu. Allah ya ba Damagaram damina mai albarka, ya kuma raba ta da layin famfo.